Takwaran Tarwaɗa

Shafi na 23

Masu yi min ruwan masifa a ƙasan shafin jiya saboda na bar Tarwaɗa a kwance, duk na karanta, na kuma yafe. Ke kuma da kika rantse in aka taɓa ƙafar nan kin daina karatu, zauna tukuna 'yar uwa. Ni ma da nake rubutawa ba daɗi nake ji ba.

*

Bibbiyu Yaya take haɗa matakalar benen asibitin, jaka a kafaɗa, filas rungume a ƙirji. Da ta fito da safe ba nan ta nufa ba. Farfesa, shugabanta a wurin aiki, shi ya aike ta wani ɗakin gwaji can ƙarshen gari, tana cikin mota kiran Mama ya shigo. A duk kukan da Mama ta yi a wayar kalma ɗaya ta iya tsinta, "yankewa". Nan ta ce wa direba ya juya.

Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ta. Jiya sai ka matsa jikin gadon kake jin sa.

Ƙaninta na kwance, an tokare masa ƙafar dama da matasai. Makanikin injin jirgin ruwa ne, tun yana ƙarami aka laƙaba masa Tarwaɗa saboda in ya faɗa ruwa ba mai iya kamo shi. Yau ga shi ko juyi sai an juya shi. Farfelar inji ce ta yanke shi a ƙwauri, ciwon da ranar shi da kansa ya yi wa dariya, ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa aikinsa. Ƙwayar cutar da ta shiga ciwon kuwa ta ƙi jin kowane magani, an sauya allura har an rasa ta sauyawa.

Mama ta miƙe daga kan tabarma, ɗankwali a karkace.

"Yayarsu, kin ji abin da mutumin nan ya ce? Wai sai an cire. Ƙafa guda fa, yana faɗa kamar maganar haƙori."

"Sannu Mama. Bari in gan shi tukuna."

Mama ta miƙa hannu za ta karɓi filas ɗin.

"Ruwan zafi ne? Kawo in haɗa masa shayi, tun safe bai sa komai a cikinsa ba."

"A'a, na wurin aiki ne, ƙanƙara ce a ciki. Kar a buɗe."

Ta tura shi ƙarƙashin kujera ta matsa jikin gadon. Tarwaɗa ya buɗe ido, leɓensa duk sun tsage, amma sai da ya yi mata murmushin nan nasa na rainin hankali.

"Yaya tawa. Zo ki ga zanen likita."

Ya ɗan ja zanin rufa. Jiya likita ya sa biro ya zagaye inda ja da kumburin suka tsaya, ƙasa da gwiwa. Yau ja ya tsallake layin, ya hau gwiwar, yana leƙen cinya.

"Kin gani? An ja masa iyaka, ya wuce ko sallama babu. Mara tarbiyya."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗora hannu a goshinsa ta janye, zafi zau.

"Me ka ce wa likitan?"

"Na ce sai Yaya ta zo."

Ai kuwa kafin ta sami abin cewa aka yi sallama. Farfesa ne, riƙe da ledar lemo da ayaba, gilashinsa a saman goshi kamar kullum. Dattijo ne mai kirki, wallahi ba shi da mugun nufi ko na ƙwayar zarra. Matsalarsa ɗaya, duk inda ya zauna, ko gidan suna ko gidan gaisuwa, kafin ya tashi sai ya kawo zancen ƙwayoyin teku.

Yaya ta saci kallon Mama.

Aka gaisa, ya yi wa Mama ya mai jiki, ya ja kujera ya zauna daf da gadon.

"Jarumin ruwa, kai ne a kwance haka? Ai ɗakin gwaji kaf suna gaishe ka. Takwaranka ma yana gaishe ka."

Mama ta kalli wannan ta kalli wancan.

"Wane takwara kuma?"

Tarwaɗa ya ce, "Bara mana Mama, da na kai su tsakiyar ruwa a jirgin maigidana. Ba na ba ki labari ba? Igiyar da suke ɗebo laka da ita ta tsinke, Farfesa kamar zai yi kuka, ni kuwa na cire riga na nutsa na ciko musu kwalba."

"Ƙwarai kuwa," in ji Farfesa, fuskarsa har ta washe. "Mu kuma Hajiya ɗabi'armu ce a wurin aiki, duk wanda ya ɗebo laka da hannunsa, abin da ya tsiro a cikinta sunansa muke rubutawa a jikin kwalbar. Akwai mai sunan direbanmu, akwai mai sunan matata. Duk ba su tsinana komai ba, har da na matar tawa, kar dai a gaya mata."

Mama ta ɗan murmusa don kara.

"To me ake da laka, ranka ya daɗe?"

Ni kam na ce Mama da kin sani da ba ki tambaya ba.

Farfesa ya gyara zama.

"A cikin lakar nan ta ƙasan teku akwai 'yan ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya muke ce musu. Wurin ya yi musu kaɗan, abinci ma kaɗan, don haka kullum cikin faɗa suke da juna. Kowacce tana haɗa dafinta don ta kashe maƙwabciya. Mu kuma dafin muke nema mu sata, ko zai kashe ƙwayoyin da ke kashe mutane. Na tudu an tone su an gama, cututtuka sun saba da su. Na teku kuwa baƙi ne, ba su taɓa gamuwa ba."

"Farfesa," Yaya ta katse shi, "ko mu ɗan fita waje in..."

"Ina zuwa Malama. Ai wannan albishir ne, mara lafiya yana son abin da zai ƙarfafa masa zuciya. Ba ki nuna masa ba?"

Ta kafe shi da ido, ta girgiza kai a hankali, ta yi tari, har ƙafar kujerarsa ta taɓa da takalmi. Ina, mutumin ya riga ya sauko da gilashi yana laluben waya.

"Duba nan, jarumi. Wannan faranti ne na gwaji. Ka ga wannan abu mai kamar madara da ya cika shi? Ita ce ƙwayar da ke ƙafarka, asibitin nan suka ba mu ita. Waɗannan 'yan ɗigo-ɗigon kuma magungunan da aka yi ta ɗura maka ne, ka ga ta haye kansu ta yi zamanta. To yanzu dubi tsakiya."

Tarwaɗa ya ɗago kai da ƙyar. Mama ma ta sunkuyo.

A tsakiyar farantin akwai wani zagayayyen fili, fes, kamar an sa yatsa an share.

"Nan muka ɗiga ruwan takwaranka. Ko ɗaya ba ta rayu ba. Tunda nake aikin nan ban taɓa ganin zobe mai faɗin wannan ba."

Ɗakin ya yi tsit. Sai ƙarar fanka da ɗigar ruwan da ake ƙara wa Tarwaɗa.

Shi kuwa Farfesa bai lura ba, ya juya ga Yaya.

"Af, kin kai musu kwalbar kuwa? Suna jira su sa a inji."

"Ban kai ba," ta ce can ƙasan maƙoshi. Ba ta san lokacin da idonta ya sauka ƙarƙashin kujera ba, ta yi maza ta ɗauke.

Sai a lokacin dattijon ya kalli fuskar Mama, ya kalli ta Tarwaɗa, ya dawo kan Yaya. Murmushinsa ya tafi a hankali. Ya mayar da wayar aljihu, ya fara kame-kame.

"Wato dai, Hajiya, abin da nake nufi, a faranti ne. Faranti daban, mutum daban. Da sauran aiki sosai..."

Magana dai zarar bunu ce. Ya miƙe ya yi Allah ya ƙara sauƙi, ya fita yana tuntuɓe da ledar lemonsa.

Mama ta bi bayansa ta tura ƙofa, ta juyo ta jingina da ita.

"Tun yaushe?"

"Mama..."

"Tambayarki na yi. Tun yaushe kika sani?"

"An kwana biyu."

"An kwana biyu." Mama ta maimaita tana gyaɗa kai. "Ina nan ina kwana a kan siminti, ina wanke ruɓa da hannuna, ina bin likitoci ina roƙo kamar mai bara, ke kuwa kullum ki zo ki zauna ki ce min a yi ta addu'a. Ashe maganin yana wurinki."

"Ba magani ba ne, Mama."

"Da idona na gani."

"Abin da kika gani gaskiya ne, ya kashe ta a faranti. Amma bai zama magani ba tukuna. Abu ne da wata rana zai iya zama."

"Wata rana. Shi ciwon an gaya masa ya jira wata ranar?"

Yaya ta zauna a bakin gadon. Abin da take ɓoyewa ke nan tun ranar da ta ga zoben, ta san muddin suka ji rabin farko ba za su saurari rabi na biyu ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, ita kaɗai take ta haɗiyar abin.

"Ku saurare ni har in gama, don Allah. Bayan faranti, ɓeraye muke ba wa. Mun sa musu irin ciwon nan, muka ba su ruwan. Ranar farko ƙalau, har ciwon ya fara kamewa. Wallahi Mama banɗaki na shiga na yi kukan daɗi, na ɗauko waya zan kira ki, sai na ce bari dai in ga gobe."

"Sai aka yi yaya?" Tarwaɗa ne ya tambaya.

"Washegari suka daina fitsari. Suka kumbura. Kafin mako ya zagayo ko ɗaya bai rage ba. Da muka buɗe cikinsu, ƙodar ta lalace gaba ɗaya."

Mama ta yi wata dariya mara daɗi.

"Ɓera. Ɗan nawa kike aunawa da ɓera? Shi ɓeran guda nawa yake, ko tafin hannuna bai cika ba. Abin da ya fi ƙarfin ɓera ai ba zai fi ƙarfin ƙato kamar wannan ba."

"Daidai jikinsu muka auna musu, Mama, ba mu zabga ba."

"To shi ma ki auna masa daidai jikinsa, ki rage kaɗan."

"Ban san nawa zan rage ba. Ban san adadin da zai kashe cutar ya bar shi da rai ba. Ruwan nan ba abu ɗaya ba ne a ciki, tarkace ne a cakuɗe. Ban sani ba ko mai kashe cutar shi ne mai kashe ƙodar, ko kuma daban suke. Sai an sa a inji an rarrabe su ɗaya bayan ɗaya, a sake komawa kan ɓeraye, a wuce kan manyan dabbobi, sannan a nemi izini a fara gwada ɗan mitsitsi a jikin masu lafiya."

"Duk wannan zuwa yaushe?" in ji Tarwaɗa.

Ta kawar da kai.

"Yaya, ke fa ba kya min ƙarya."

"Shekara goma. Ko fiye. Ko kuma ba zai taɓa zama ba, don yawancinsu a hanya suke mutuwa."

Ya mayar da kansa kan matashi yana kallon silin. Can ya ce, "Ni kuma likita ya ce yau."

Mama ta baro ƙofar ta zo ta tsaya a kanta.

"Shekara da shekaru kina wasa da laka. Bikin 'yan uwa ba kya zuwa, suna ba kya zuwa, in an tambaye ni in ce ku ƙyale min 'yata, magani take nema wa duniya. Har faɗa na yi da ƙanwata a kanki. Ashe duniyar ban da ƙaninki a ciki."

"Mama kar ki ce haka."

"Na faɗa. Mu dai mun taso mun ji ana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ku kuwa masu boko yankewar ce ta fi muku sauƙi."

Maganar ta soki Yaya har cikin ƙashi. Hawaye suka zubo mata. Duk karatun da ta yi, duk lakar da ta tace, yau ba su iya ba ta kalma ɗaya da za ta shiga kunnen uwarta ba.

Tarwaɗa ya laluɓo hannunta. Tafinsa kamar an ciro daga wuta.

"Daina kuka, ba ya miki kyau, hancinki ƙara girma yake. Saurara in gaya miki. Kin taɓa ganin makaniki mai ƙafa ɗaya yana tsallaka daga jirgi zuwa jirgi, igiyar ruwa na jijjiga su?"

"Akwai ƙafar roba. Akwai aikin da za ka yi a tudu, ka buɗe shago, a riƙa kawo maka injin har inda kake."

"A tudu." Ya yi tsaki a hankali. "Tarwaɗa a tudu ai sai tukunya."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ranar nan da na nutsa, kin san sai da kunnena ya yi jini? Ban gaya miki ba don kar ki hana ni komawa. Ni na ɗebo shi da hannuna, sunana ne a jikinsa. Kina neman ɓera, to ga babban ɓera a kwance, kuma shi da bakinsa ya ce ya yarda. In na tashi, kin samu maganinki. In ban tashi ba, kin koyi wani abu, ki rubuta, wani ya amfana."

"Rufe min baki."

"Yaya..."

"Na ce ka rufe min baki." Ta matso kusa da fuskarsa. "Na ga yadda ɓerayen nan suka mutu, kai ba ka gani ba. Ni na riƙa ɗauke su ɗaya-ɗaya da safe. Gara in tura ka a keke har ƙarshen rayuwata da in wanke ka da ƙafa biyu. In ka ga dama ka tsane ni, Mama ma ta tsane ni, ba zan ba ka ba."

Ya saki hannunta ya juya fuska bango.

"To ni ma ba zan sa hannu ba. Kowa ya riƙe nasa."

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa. Likitan ƙashi ne, dogo mai furfura a gemu, da wata nas a bayansa. Ya ɗaga zanin ya dubi layin biron, ya danna cinyar da yatsa, ya dubi ledar fitsarin da ke rataye a gefen gadon. Ya mayar da zanin.

"Malam, ka yi shawarar?"

Tarwaɗa ko motsi bai yi ba.

Likitan ya juyo ga Yaya. "Ke ce babbar? In ba damuwa, minti biyu a waje."

Ta goge fuska da gefen mayafi ta bi shi. Mama ta kauce musu a hanya ba tare da ta kalle ta ba.

Suka tsaya can ƙarshen baranda, kusa da taga.

"An ce min aikinki ya shafi ƙwayoyin cuta, don haka ba zan yi miki kwana-kwana ba," in ji likitan. "Da jiya ya yarda, ƙasan gwiwa za mu cire. Yau sai sama da gwiwa. In aka kai gobe, ina tsoron ta gama shiga jini, a lokacin ko na cire ba abin da zai hana."

"Babu wata allurar da ta rage? Ko mai tsanani ce, ko daga wani wuri za a nemo?"

"Wadda muke ajiyewa ta ƙarshe ita yake sha yanzu. Ita ma ƙodarsa take ci, shi ya sa kike ganin ina duba fitsarin nan kowane lokaci. Ƙodar ta gaji, ba za ta ɗauki wani ƙarin nauyi ba ko kaɗan."

Yaya ta dafa bango.

"Ba za ku iya yi ba kawai? Ku sa masa barci, in ya farka ya gani. Ni zan ɗauki laifin."

"Babba ne, kuma da hankalinsa. Sai ya yarda da bakinsa. Na riƙe ɗakin tiyata har la'asar. Na ga ke yake jin maganarki."

"Da ne," ta ce.

Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, aka kira shi daga wani ɗakin, ya tafi.

Ta zame ta zauna a kan bencin masu jinya. Gaba kura baya sayaki. Ta koma ciki ta ce me? Ta riga ta faɗi gaskiya duka, gaskiyar ba ta yi aiki ba. Ƙarya kuwa ba ta da wadda za ta fi hoton nan ƙarfi. Mutane na wucewa da kwanuka da bokitai, wata mata ta ce mata sannu baiwar Allah, ko ɗagowa ba ta yi ba. Tunani take, da ma igiyar nan ba ta tsinke ba bara. Da ma farantin ya fito a cike kamar sauran ɗaruruwan da suka zubar. Ita da ta kwashe shekaru tana roƙon Allah ya nuna mata zobe irin wannan, yau ga shi ya nuna mata, ya zame mata abin da zai kashe ƙaninta ko an ba shi ko ba a ba shi ba.

"Malama."

Ta ɗago. Farfesa ne tsaye, ashe bai tafi ba, yana ta murza hula a hannu. Dattijon duk ya tsufa a cikin awa guda.

"Na yi ɓarna ko?"

Ta gyaɗa kai kawai.

"Wallahi cewa na yi in faranta masa. Mu da muka saba, in mun ga zobe mun san tafiya ce aka fara. Na manta wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ki yafe min. Ko in koma in yi musu bayani da kyau?"

"A'a ranka ya daɗe, bayanin ya isa haka."

Ya sunkuyar da kai.

"To ki zauna da su, kar ki damu da aiki. Kawo filas ɗin in kai da kaina, kar ƙanƙarar ta narke."

Yaya ta kai hannu gefenta. Jaka ce kawai.

Ta dubi ƙasan bencin. Ta dubi hannunta. Sai ta tuna lokacin da idonta ya sauka ƙarƙashin kujera, ta kuma tuna Mama na tsaye a ina a lokacin.

Ba ta san ta yar da jakar ba. Takalmi ɗaya ya fita a hanya, ta buge wata nas mai tura keke ko waiwaye ba ta yi ba. Ta murɗa ƙofar, a kulle. Ta buga da tafin hannu biyu.

"Mama, buɗe. Mama don girman Allah ki buɗe."

Can ta ji takun ƙafa a hankali, aka zare sakata.

Filas ɗin na kan durowar gefen gado, murfinsa a gefe, ƙanƙara ta zube a ƙasa tana narkewa. Mama ta koma ta tsaya jikin bango ta harɗe hannu, idanunta jajur amma a bushe.

An ɗago Tarwaɗa an jingina shi da matasai. 'Yar kwalbar na hannunsa, wadda ba ta fi ɗan yatsa ba, da farar takarda manne a jikinta, rubutun Yaya ne da kanta da baƙin alƙalami.

"Kar ki ga laifin Mama," ya ce yana goge baki da bayan hannu. "Ni na ce ta miƙo min. Kai, takwaran nan nawa akwai ɗaci."

Yaya ta tako ta kan ƙanƙarar ba ta ma ji sanyinta ba.

"Nawa ka sha?"

Ya kifa kwalbar a kan tafinsa, ya girgiza. Ko ɗigo bai faɗo ba.

"Ai sunansa ne a jiki," in ji Mama.